Wane Gadon Suke Nufi?

"...da aiki, da 'yan makarantar da kike zalunta?"

"Lafiya lau, Salansa. Ajiye gaisuwar nan tukuna. Ina takardata?"

Ko jaka ba ta sauke ba. 'Yata ce, malamar firamare, shekararta ashirin da huɗu, kuma tun tana wata takwas muke zaryar asibiti da ita saboda sikila. Wanda take kira Salansa, wato bututun hayaƙin mota, mahaifina ne, tsohon direban bas, wanda ya yi shekara arba'in yana zuƙar taba har huhunsa ya gaji da shi. Shi kuma Tsinke yake ce mata. Tun ba ta iya tafiya ba suke tsokanar juna, ni kuwa na saba ina jin su daga kan keken ɗinkina ba na sa baki. Amma ranar na ji muryarta ba ta wasa kaɗai ba ce.

Takardar da take nema fom ne. Wata ƙungiya ce ta zo asibitin unguwarmu za ta ɗauki nauyin maganin marasa lafiya na shekara guda, mutum ɗaya a kowane gida, kuma ƙarfe huɗu na yammacin ranar za a rufe karɓa. Da safe ta bar shi a kan tebur da niyyar ta dawo ta cike. Sai ga Baba ya zaro shi daga aljihun gaba, a ninke huɗu, yana miƙa mata da murmushi.

"Na hutar da ke, amarya. Na cike."

Ta buɗe, ta duba, ta sake dubawa.

"Sunan wa nake gani a nan?"

"Na mijinki mana, mai gidan nan."

"Wa ya aike ka?"

"Karanta layi na biyar. Sun ce masu ciwon gado za su fara ɗauka. Suka tambaya, ciwon gado ne? Na ce e. Wata uku cur na yi bara ina kwance a gado, har katifa ta lotsa daidai bayana. Wa ya kai ni ciwon gado a gidan nan?"

"Na shiga uku! Mama, kina jin mahaifinki? Gadon iyaye suke nufi, Salansa, wanda ake haifar mutum da shi! Ba gadon kafinta ba!"

"A ina suka rubuta haka? Ga, do, gado. Shekara arba'in ina karanta allon hanya, ko ɗaya bai taɓa wuce ni ba."

Na so in yi dariya, takaici ya hana ni. Na san Baba sarai. Ba zan rantse kuskure ya yi ba, ba kuma zan rantse da gangan ya yi ba. Shekaranjiya na gan shi yana girgiza maganin shaƙarsa kusa da kunne, yana sauraron ko da saura a ciki.

"Kai ciwonka sayensa ka yi," ta ce. "Kara-kara ka saye shi a kanti, da ƙafarka, har kana roƙon a ba ka ashana gyara."

"Sharri! Hayaƙin bas ne."

"Bas ɗin ce take cusa maka kwali a aljihu?"

"To ke fa, uwar masu gaskiya? Likita ya ce ki riƙa shan ruwa, kina sha? Gorar da uwarki ta saya miki tana can ajinku, an dasa fure a ciki. An ce ki guji sanyi. Wa ya fita cikin ruwan sama ba laima don kada 'yan aji uku su rasa darasin lissafi? Kwana tara muka yi a asibiti a kan lissafin nan."

"Wannan tashi ciwon ya yi, ba ni na ƙirƙiro shi ba."

"Ni ma tashi nawa ya yi."

"Kai ka buɗe masa ƙofa, ka yi masa shimfiɗa, ka yi shekara arba'in kana ciyar da shi! Wallahi da a ce yau likitocin duniya su taru su ce ciwo ɗaya tak za su iya kawarwa, kuma ni aka tambaya, ko kallon layinku ba zan yi ba. Masu taba, masu bin zaƙi kamar ƙuda, masu cin gishiri da cokali, duk ku koma baya. A fara da wanda aka haifa da nasa, bai ci ba bai sha ba."

"Madalla da alƙali! To a kafa miki kujera a ƙofar asibiti, a ba ki sanda. Mai ciwon suga ya zo, ki ce buɗe baki in ga zaƙin da ka sha. Mai karaya ya zo, ki ce wa ya ce ka hau tsani. Mai naƙuda ta zo, ki ce ai ke kika so. Kafin rana ta yi tsaka asibiti ya zama fili, likitoci su koma tallan ruwan sanyi."

"Kada ka juya min magana."

"Ba juyawa na yi ba, birki na taka miki. Kin san wa ya fara miƙo min taba? Wanda ya koya min tuƙi. Ya ce tana hana barci a doguwar hanya. Da ita na kai fasinjoji gida lafiya, da ita na ciyar da uwarki har ta girma ta haifo min wannan masifar. Lokacin ko a jikin kwalin ba a rubuta komai ba."

"An rubuta daga baya, har da hoto. Kai da ka ce allo ba ya wuce ka?"

Wannan ta same shi. Ya buɗe baki zai rama, tari ya riga shi. Irin tarin nan ne mai tasowa daga can ƙasa, mai sa shi dafa gwiwa idanunsa su kawo ruwa. Tsinke ta zuba ruwa a kofi ta dangwara masa a gaba da ƙarfi, har ya fantsalo a tebur.

"Sha, kada ka mutu a tsakiyar magana a ce na ci nasara da zalunci."

Ya sha. Ita kuma ba ta zauna ba.

"Ka san abin da ke ƙona min rai, Kaka?"

Na tsayar da keken. Rabon da in ji ta kira shi Kaka har na manta.

"Ni kullum lallashin jikina nake yi ya bar ni in kai gobe. Ina auna ruwa, ina auna tafiya, ina kallon hadari kamar maƙiyina. Kai kuma an ba ka huhu biyu lafiyayyu, kyauta, ka sa musu wuta da hannunka. Da ni aka ba wa su! Sannan ka zo ka shiga gabana a layi? Ka taɓa jin ƙashinka ana kwankwatsarsa daga ciki?"

"Ban ji ba," ya ce. "Na dai gani. Yayyen uwarki biyu na ɗauka da hannun nan na kai su maƙabarta, ɗaya yana shekara huɗu, ɗaya bakwai. Ko sunan abin ba mu sani ba. Muka ce sanyin ƙashi ne, muka yi ta gasa musu ƙafa da tawul. Sai da aka haife ki aka gwada mu, aka ce a jinina yake."

Na san da yayyen nan nawa, amma ban taɓa jin su a bakinsa ba sai ranar. Zuciyata ta karye, kuma na ji haushin su duka biyun, shi da ya ɗauki fom ɗin, ita da ta tono wannan.

Ya share baki da gefen riga, ya gyara murya.

"Amma rabi ne kawai nawa, kada ki ɗora min duka. Ɗaya rabin ki je ki tsare dangin ubanki, masu dogon wuya. Miƙo min biro."

Ya shimfiɗa fom ɗin a gwiwa, ya soke sunansa da layi uku, ya soke ciwonsa, ya tura mata.

"Uku da kwata. Cike ki gudu. A'a, kada ki gudu, ƙafafun nan ba na gudu ba ne."

Ta tsaya da biro a hannu, ta kasa rubutu.

"Kai kuma fa? Maganinka ya ƙare."

"Ni ai alƙali ta yanke min hukunci, bayan layi."

"Ban ce ka mutu ba!"

"Ban ce zan mutu ba. In mutu in bar wa wa ke? Wa zai kwashi Tsinke?"

"Ka mutu ka gani. Wallahi ko gaisuwa ba zan zo ba."

"Rubuta, malama. Lokaci."

Ta zauna a bakin kujera tana rubutu, tana share ido da bayan hannu, tana zaginsa ƙasa-ƙasa. Ni kuma ina tunanin inda zan samo masa maganin wata mai zuwa, ban ga hanya ba. Da ta juya bayan takardar sai ta tsaya cak.

"Me kuma?" in ji shi.

"Akwai saura. Wai in ciwon gado ne, daga wa aka gada."

Baba ya kwashe da dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya sake komawa dariya, yana bugun hannun kujera.

"Kin gani ko? Da ma na san ina da gurbi a takardar nan, wuri kawai na ɓata. Rubuta sunana a nan, da manyan baƙi. Wannan kam ba mai ƙwace min."

Ta rubuta.

"Tsohon banza," ta ce, ta ɗauki jakarta.