Ramuka Biyu a Bayan Makaranta

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na durƙusa a gaban matan unguwar Sharafiyya, wai ina kare mutuncin Baba.

Baba ɗan tsere ne. Tun kafin Najeriya ta sami 'yanci yake gudun yadi ɗari, har ƙasar Turawa an kai shi. Daga baya ya zo hajji ya zauna, ya ƙare rayuwarsa yana dako a tashar jiragen ruwa. Mutanen Jidda tsoho mai ɗingishi kawai suka sani. Ni kuwa da na shiga makarantar manya (sai da na yi jikoki na fara riƙe biro, ba na kuma jin kunyar faɗa), duk wadda ta zauna kusa da ni sai ta sha labarinsa.

Ummu Faisal, wata 'yar ajinmu haifaffiyar unguwar Ammariyya, ita ta ƙaryata ni. "Halas, ya Hajja, ya isa haka. Tsohon nan gudu ɗaya ya iya, in ya hango masu tambayar iƙama, takardar izinin zama."

Aji ya kwashe da dariya. Na ce mu haɗu a walimar ƙarshen shekara, tunda Abla, malamarmu, ta shirya tseren mata a filin bayan makaranta.

A ranar, da cokalin miya na zo. A zamanin su Baba, ɗan tsere da hannunsa yake haƙa ramuka biyu inda zai dogara ƙafa ya zabura. Na haƙa nawa, na tattare abaya, na durƙusa, yatsu a kan layi, kai a ƙasa. (Gwiwoyina suka yi ƙara, na yi kamar na wata ne.) Dokar da Baba ya koya mini ba ta da kwana: a ce a hau layi, a ce a shirya, sai bindiga. Mai motsawa kafin nan ɓarawo ne.

Abla ba ta san wannan ba. Hannu kawai ta ɗaga ta ce, "Yalla."

Na ɗaga ƙugu sama ina jiran bindiga. Na ji sawu da haki da shewa, na ce a raina duk sun karya doka, yanzu za a dawo da su. Ba a dawo da kowa ba. Ko da na ɗago kai, Ummu Faisal, wadda hawa bene ɗaya ke kayar da ita, tana ƙarshen fili tana shan ruwa. Miƙewa ma ta gagare ni, sai da mata biyu suka ciccibe ni.

"Hajja, tsere kike ko sujada?"

Na kakkaɓe jikina na ce, "A dokar duniya duk an kore ku. Ni kaɗai na rage."

Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta tsaya tana kallon ramukan, ta sa ƙafa a ɗaya. "Wannan kam ba a dako aka koye shi ba. Allah ya jiƙan tsoho."

Abin da na koya shi ne, a Jidda in an ce yalla, tashi ake yi, ba mai harba maka bindiga. Amma har gobe ban yarda na zo ta ƙarshe ba. Ai ban ma fara gudun ba.