Ranar da Muntaka Ya Yi wa Tayoyin Tsere Zane

"Ni da kuke gani, duk Jidda babu wanda ya san taya kamata. In na shinshina ta ma sai in faɗa muku shekarunta!"

Wannan Muntaka ke nan, Sarkin Cika-baki, maigadi a wani gida a unguwar Abhur. Facin taya kuwa ya taɓa yi a Kano, na ɗan lokaci, kafin maigidansa ya kore shi. Ni dai ban taɓa ganin mutum mai ƙaramin sani da babban baki irinsa ba.

A lokacin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta kusa ƙarewa, kafilinsa, mai gidan, Abdulghani kuma yana ta jan ƙafa a kan sabunta ta. In ba a sabunta ba, sai gida. Gogan naka ya shiga neman abin burgewa ido rufe.

Sai ga Hamad, ɗan kafilin, ya shigo da babur ɗin tsere, tayoyinsa sumul kamar kan jariri, ko zane ɗaya babu. Irin na filin tsere ne, haka ake ƙera su don su kama kwalta. Muntaka ya dafe ƙirji.

"Ya Hamad, wa ya sayar maka da wannan?"

"Daga waje aka kawo. Tsere biyu uku suke yi, halas, shi ke nan, sai a jefar."

Da Hamad ya shige, Muntaka ya dubi Na'ibi mai ban ruwan fulawa. "Ka ji ko? An damfari yaro da gwanjo! Taya ta suɗe haka, ina za ta yi ƙarko? Ni zan sa ta shekara."

"Malam, ka bar wa mutane kayansu," in ji Na'ibi.

"Kai dai ji da tiyonka."

Ranar Alhamis mutanen gidan suka tafi bakin teku. Injiniyan bogi ya hura gawayi, ya gasa wuƙa, ya tsuguna. Ya yi wa tayar gaba zane, ya yi wa ta baya, har da 'yar kwalliya irin ta jikin ƙwarya. Unguwa ta gume da warin roba, shi kuwa sai waƙa yake.

Da la'asar suka dawo. Hamad ya ga babur, ya ƙame. Tayar baya ma tana ta huci, don wuƙa ta zarce.

"Esh hada? Wa ya yi wannan? Gobe fa nake tsere!"

Muntaka ya gyara hula. "Ni ne, kuma ba sai ka gode ba."

Hamad ya riƙe kai, ya yi ta salati har ya ɗan huce. Ya ce wa ubansa, "Ma'alesh, ba komai, Abuya. Allah ya sa akwai na canji a sito."

Fuskar Muntaka ta washe. "Ai da su na fara, don hannu ya faɗa!"

Abdulghani bai ɗaga murya ba. Ya leƙa sito, ya dawo, ya ce, "Masha Allah, aiki ya yi kyau. Kawo iƙamarka."

Muntaka ya ƙyafta wa Na'ibi ido, ya zaro ta, ya miƙa da hannu biyu. Tsohon ya juya ta, ya shafa.

"Ita ma na ga ta suɗe," ya ce. "Yalla, miƙo wuƙar."