Lu'ulu'un Yunus

"Sannu da zaman banza, bawana!"

"Yauwa, sannu da yawon gulma. Me aka aiko ki da shi?"

Basira ce ta shigo zauren da kwanon fura a hannu. 'Yar kawun Yunus ce, taubashiyarsa, tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Yunus yana zaune bisa tabarma da ordinater, wato kwamfuta, a cinya. Tun da shagon da yake wa zane a Kano ya rufe ya dawo Matameye, babu aiki. Yanzu wani gidan buga alluna a Damagaram ya ce zai ɗauki mutum guda, amma sai wanda ya zana lu'ulu'u kamar na gaske, don allon wani mai sayar da zobba.

Basira ta leƙa. "Inna lillahi! Wannan kanwa ce ko gishiri?"

"Lu'ulu'u ne, jahila."

"Wallahi in ka kai shi kasuwar dabbobi, tumaki za su lashe maka gilashin."

"Ke da ba ki san komai ba sai dakan gero, me ya kai ki zancen zane?"

"To malamin zane, ka ɗauko hoto a wayar salula ka manna mana, mu huta."

"Sun ce ba sa son hoto. Hoto in an buɗa shi ya kai faɗin bango, dushewa yake. Wannan kuwa da ɗigo da layi nake gina shi, ko ya kai girman dutsen Damagaram bakinsa na nan garau. Kowace fuska ta lu'ulu'un sai na ja mata layinta, na zuba mata launi, daga fari ya gangara zuwa shuɗi."

"Duk wannan wahala don ka haifi kanwa?"

Yunus ya goge idonsa da suka yi ja, ya ja wani ɗigo, ya mai da shi inda yake.

"Na ƙara fari, na ƙara ƙyalli, ya ƙi tashi. Kwance yake kamar faranti. Basira, ni ban taɓa ganin lu'ulu'u da idona ba. Yau ne ƙarshen karɓa. In bai yiwu ba, ranar kasuwa zan bi motar arewa, wajen haƙar zinari."

Basira ta ajiye kwanon a hankali. Can wanta Isufu ya tafi, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ko muryarsa ba a ji ba.

"Kai? Da waɗannan hannuwan kamar tsinken tsire? Rami zai gan ka ya yi dariya."

"Gero ya ƙare a rumbu. Inna ta fara auna tuwo da ido. Ki faɗa mini me zan zauna yi."

"Ka zauna ka yi mini bauta. Ɗan mace ba ya fita gari sai da izinin 'yar namiji. Ban ba ka ba."

"Uwargijiyar da takalminta ɗaya ya tsinke."

"Na ado ne, haka matan Makka ke yi." Ta murza yatsanta, ta zare wani ɗan zobe mai farin dutse, ta jefa masa a cinya. "Ungo. Lu'ulu'u na asali. Sarauniyar wata ƙasa ta roƙe ni shi, na hana."

"Wannan? Gindin kwalbar lemo ne. A tire aka sayo shi, kusa da mai albasa."

"Ka duba dai, makaho."

Ya kai zoben bakin ƙofa inda rana ke shigowa, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Akwai baƙi a cikinsa," ya ce. "Kusan rabinsa duhu ne."

"Zuciyarka ce ka hango."

Ya koma ya zauna. Ya bi fuskokin dutsen yana zuba musu baƙi da toka, ya bar fari ɗan kaɗan a gefe, siriri kamar bakin reza. Basira ta matso kusa. A hankali dutsen ya taso daga cikin gilashin, har ta kai yatsa za ta taɓa.

"Cire mini hannun daddawa!"

"To, ya bar kanwa. Ya zama alawa."

Ya tura aikin. Suka sha furar tare, ludayi ɗaya, tana cewa ya fi ta loma, yana cewa ita ta shanye nonon tun a hanya. Ba su kai gindin kwanon ba salularsa ta yi ƙara. Ya karanta, ya kifa ta a tabarma.

"Sun ce ya yi kyau. Sun ce tun jiya suka ɗauki wani."

A waje wani amalanke ya wuce yana kuka.

Yunus ya rufe ordinater ɗin, ya miƙa mata zoben. "Karɓi kwalbarki."

Ta mai da hannuwanta baya. "Ka ga na karɓa? Aro na ba ka. Ka tafi da shi can inda za ka. Kuma ba na son saƙo, ba na son a ba direba. Da hannunka za ka kawo mini, nan zauren, ka durƙusa kamar yadda bawa ke yi."

"In ya ɓace fa?"

"Sai ka zo da kanka ka faɗa mini, in zage ka."

Ya gwada shi a yatsu, bai shiga ko'ina ba sai ɗan ƙaramin. Ya yi dariya.

"Shi ke nan, uwargijiya. Na yarda, lu'ulu'u ne."

"Da ma," in ji Basira. Ta ɗauki kwanon da sauran furar a ciki, ta fita da sauri, ba ta waiwayo ba.