Shafukan da Aka Shafe da Baƙin Tawada

Ba zan taɓa mantawa da wannan ranar ba, ko da yake shekaru sun ja, wataƙila na gauraya wasu abubuwan. A Riyad ne, bayan yaƙin Kuwait da kaɗan. Ina ɗauke da digirina na harkar kuɗi, ina aiki a ofishin kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, Abu Fahad, a unguwar Ulaisha. Iƙamata, takardar izinin zama, saura wata biyu ta mutu, shi kuma bai ce komai a kan sabuntawa ba.

Sai ya ce in nemo wa kawunsa, wani dattijo mai tsoron Allah, inda zai zuba jari a waje. Na ce a raina, ga damata.

Na rubuta wa wani ƙaramin kamfanin otal a ƙasar waje, suka aiko rahotonsu na shekara. A lokacin duk mujallar da ta shigo ƙasar sai an bi hotunanta da baƙin tawada. Rahoton nawa ma shafi huɗu aka shafe. Na ɗauka mata ne a bakin wurin wanka, na yi istigfari, na wuce wajen lissafi (ni fa a dole mai kamun kai).

Sati uku ina fama a ɗakinmu na unguwar Manfuha. Kamfanin zai sayi hannun jarinsa daga kasuwa, hannayen su ragu, rabon kowa ya ƙaru. Na tsara hanya biyu da kamfanin zai iya bi: ko su riƙa saye kaɗan-kaɗan, ko su yanka farashi ɗaya su kwashe. Kowane layi sai da na sa masa "mai yiwuwa".

Ranar bayani, Malam Idi, mutumin Maraɗi mai zuba mana gahawa, ya raɗa mini, "Ɗan boko, gumin nan fa? Ko aure za a ɗaura maka?"

Dattijo ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, otal mai ɗaki sittin, ina ya samo wannan riba?"

"Mai yiwuwa abincinsu ne ke da daɗi, ya Shaikh."

Ya ɗauki rahoton, ya je taga, ya ɗaga baƙin shafin a hasken rana. Ta ƙarƙashin tawadar sai ga tebura, ga karta, ga maza sun yi da'ira. Gidan caca ne, otal ɗin rakiya kawai ya yi.

"A'uzu billahi! Kuɗin da na ware wa marayu?"

Abu Fahad bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai ce, "Khalas," wato shi ke nan. Washegari aka tura ni kasuwar Aziziya ɗaukar kwalin tumatir, da iƙama ta cika kuma aka buga mini bizar fita. Na dawo gida da digiri da ciwon baya.

Abin da na koya: inda aka rufe, nan ya kamata a fara tambaya.

Malam Idi ya dage wai suma na yi a gaban dattijon ranar nan. Ni dai a sanina zama na yi a ƙasa. In akwai wanda yake wurin, don Allah ya aiko mini da gyara, amma a tausaya.