Tsarabar Kafso

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kumatuna ya riga ni shiga gidan surukai ba. Lokacin ina ɗinki a unguwar Waziriyya cikin Jidda, tun alhazai na sauka Jidda ta jirgin ruwa.

Haƙori ne ya hana ni sakat, na je wurin wani likita a unguwar Bagdadiyya, Bahaushen Sudan mai ƙarancin fara'a. Ya ce dasashina ya tara mugunya, ya ba ni kafso ja da baƙi. Ya ja mini kunne in shanye duka ko na ji sauƙi, kuma kada in ba kowa. Na ce to.

Ciwo na lafawa sai karamcina ya motsa (son yabo ne, ni na raɗa masa karamci). Kawu Ilu da ayarinsa sun sauka gidanmu bayan Arfa, kowa tari yake yi. Na bi su da ragowar kafson ina rabawa kamar dabino, suna kirana Dakta, kaina na ƙara girma.

Ranar da Kawu zai nema mini auren Zainabu na tashi da kumatu kamar na ɓoye lemo. Na rufe da gutura, mayafin nan na kai, na bi shi. Muna shiga zaure aka nuna mana baffanta, waliyyinta. Likitan nan ne.

"Yaro, buɗe fuskar nan," in ji shi. Na buɗe. "Ka shanye maganin?"

Kafin in haɗa ƙarya Kawu ya shiga yi mini talla: "Ai yaron nan ba shi da rowa, likita. Duk ya raba mana, da zamzam muka kora!"

Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Likita bai ɗaga murya ba. Ya ce tarin alhazai na mura ne, kafso ba ya masa komai, nawa ciwon kuma na tsokane shi na bar shi da rai. "Wanda ya kasa riƙe magani zuwa ƙarshe, 'yata zan ba shi ya riƙe? Halas, magana ta ƙare, ka dawo in ka warke."

Na warke, na koma, ya ba ni ita bayan ya leƙa bakina a gaban mutane. Har yau in an rubuta mini magani, Zainabu ke riƙe kwalbar. Baƙi kuma dabino nake ba su.