Ranar da Na Kai Mutanen Kebbe Indiya da Baki

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Kebbe ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina. Shekarar da aka sami mulkin kai ce, ina sabon malami, En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, ta ɗauko ni daga garinmu Tambuwal ta kai ni firamaren can. Gajeren wando, doguwar safa, alƙalami biyu a aljihu (ɗayan ko rubutu ba ya yi, na ado ne). A lokacin gani nake duk ƙasar Sakkwato ba wanda ya kai ni sanin duniya.

Sai dai ajina ba yara. Iyaye sun ƙi kawo su, suna cewa wa zai yi musu kiwo. Hedimasta ya faɗa mini ƙiri-ƙiri: in ba a sami yara ba, za a rufe ajin, ni kuma in tattara safata in koma gida. Uban ƙasa ya taimaka, ya tara magidanta daga Kebbe da Fakku a ƙofar gidansa, aka ce malamin boko ya yi musu bayani.

Na zauna na yi dabara: in ba su labarin wata babbar ƙasa da ta rabu da Turawa kafin mu, su ji yadda ta riƙi karatu. Na zaɓi Indiya, na yi kwana uku ina haddace littafin labarin ƙasa. Ranar taro na miƙe na zuba: girman ƙasar, manyan kogunanta, shinkafa, jiragen ƙasa, jama'a kamar ba za su ƙare ba. Har nan ban yi ƙarya ba. Amma a kan makarantu littafin layi biyu kawai ya yi, da hoton wani bene. Da na ga an miƙo wuya ana saurare, sai daɗin baki ya kwashe ni, na cike sauran daga kaina.

"A Indiya," na ce, "ba yaron da ke karatu a ƙasa. Kowane ƙauye da benensa, kowane yaro da kujerarsa. Kiwo kuwa, an daɗe da hana yara!"

Wani dattijo a can gefe, mai ɗingishi, ya yi gyaran murya. Na ce a kai wa baba ruwa. Na ci gaba, har da ƙara wa benen hawa. Ya sake gyaran murya, wannan karon da ƙarfi. Ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san ma'anar haka: babba ba ya ƙaryata ka a gaban mutane, hanya yake ba ka ka sauka da mutuncinka. Ni kuwa boko ya toshe mini kunne. Maimakon in sassauta, sai na kama ƙugu na ce, "Ai ba laifinku ba ne. A cikinku ma wa ya taɓa wuce Jega?"

Uban ƙasa ya shafa gemu ya ce, "Malam, ga Sajan Buba nan da kab ba ruwa. Ta Indiya anka wuce da su yaƙin Bama."

Wayyo! Da ƙasa za ta tsage, da ban tsaya neman izini ba.

Sajan ya ajiye ƙwaryar ruwan a hankali. "Ranka ya daɗe, ni ban yi karatu ba, ba ni jayayya da littafi. Benen ga da malam ya faɗi, na gan shi, cikin birni. Amma ƙauyukkan da munka bi, ɗiyansu ƙasa su ka zama, gindin icce, wani ma ba riga. In an tashi su kora shanu, kamar namu."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Na riga na fara tunanin abin da zan faɗa wa mahaifina in na koma Tambuwal. Wani daga baya ya ce, "Ashe su ma kamarmu su ke? To mi ad daɗin bokon?"

"Awo, kamarmu su ke," in ji Sajan, "kuma shi ne ya ci mini rai. Likitan da ya fidda mini ƙarfe ga ƙafar ga ɗan ƙasar ne. Na tambaye shi da guntun Turancin bariki, ya ce gindin icce ya fara. Ni ko, takarda zuwa ga uwata sai da na roƙi wani ya rubuta mini. Na komo na iske ta rasu. Har yau ban sani ba ko abin da na faɗi shi anka karanta mata."

Ba wanda ya ƙara dariya. Ya juyo ya dube ni. "Malam, fiddo alƙalamin. Rubuta jikokina biyu."

Na zaro (wanda ba ya rubutu na fara zarowa, mana). Bayansa wani ya ba da sunan ɗansa, wani ya bi. Ba a rufe ajin ba, kuma na san ba benena ne ya cece shi ba.

Da yamma na tafi gidan Sajan na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya yi dariya har da tari, na gaske wannan karon. Ya ce, "Ɗana, sau biyu nika jan ka da baya, kai ko ka aiko mini ruwa!"

Na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa bayan nan, Indiya kuwa har yau ban taka ba. Amma in ina magana na ji dattijo ya yi gyaran murya, ba na aikawa a kawo ruwa. Bakina nake kamawa, in ce, "Baba, ko ka taɓa zuwa?"