Askin Jajibirin Suna

Ana gobe sunan ɗana na fari, na shiga shagon aski a Ƙofar Sauri da hoton wani saurayi a waya.

Mai askin ya ce, "Malam, wannan na masu doguwar fuska ne. Taka kuwa, tubarkalla, da faɗi."

Na ce, "Ka fi ni sanin kaina ne?"

Da ya gama, kunnuwana suka fito kamar hannuwan tukunya. Dole aka kwashe sauran gashin ƙwal.

Washegari zafi ya sa na cire hula. Gwaggona ta dubi jaririn da wanzami ya aske, ta dube ni.

"To, wanne za a raɗa ma suna?"

Yaron yana firamare yanzu, amma har yau in na shiga gidanta sai ta ce, "Ku ba jinjiri wuri."